Sitiyarin Dattijuwa

Yaya tana shagonta na sayar da magani, tana jera kwalaben maganin tari a kanta, sai kiran ƙaninta Auta ya shigo. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Yaya, kin ji abin da tsohon nan ya yi yau? Mai gidan burodin layinmu ya gan shi a babban titi, motar tana tangaɗi daga wannan hannu zuwa wancan. Wai har wata tirela ta yi ta danna masa hon. Ni dai yau sai na karɓe makullin nan, in ya so ya yi shekara yana fushi da ni."

Tsohon da yake nufi mahaifinsu ne. Shekara talatin da huɗu Baba ya yi yana jan manyan motocin kaya, bai taɓa goge ko akuya ba, kuma duk wanda ya zauna da shi na minti biyar sai ya sha wannan labarin. Da ya ajiye aiki, iyalan mai kamfanin suka ba shi tsohuwar motar mahaifinsu, don sun san a hannunsa kaɗai ba za ta zama ɗakin kaji ba. Doguwa ce, koriya mai duhu, hancinta kamar ba zai ƙare ba, bambarta tana ƙyalli har mutum ya iya duba fuskarsa a ciki. Kujerar gaba guda ɗaya ce shimfiɗe daga ƙofa zuwa ƙofa, sitiyarin kuwa fari ne siriri, faɗinsa kamar bakin daro. Motar ta girmi Yaya da shekara shida, ita kuwa Yaya ta haura arba'in. Baba yana kiranta Dattijuwa, kuma ba ya yarda kowa ya jingina da ita.

Abin da ya tayar wa 'ya'yan hankali hannunsa ne na dama. Shekara biyu ke nan da ya fara rawa. Ba wata rawa ce mai yawa ba, amma in yana motsa shayi za ka ji cokali yana ƙwanƙwasa jikin kofin, kowa a falon sai ya yi kamar bai ji ba.

Da yamma suka haɗu a gidan. Baba yana kan kujerarsa ta kusa da taga, Mama tana tsince shinkafa a tire, Auta kuwa ya kasa zama. Ya riga ya zare makullin daga ƙusar da ake rataye shi ya jefa a aljihu.

"Ni ban musa hannuna yana rawa ba," in ji Baba. "Ina da ido, ina gani. Amma ku ji ni da kyau. Sitiyarin motar nan ba shi da nauyi ko na takarda. In na yi atishawa sai ta canja layi. Da can ina lallaɓa ta, yanzu kuwa duk abin da hannun nan ya yi, ita ma sai ta kwaikwaya. A ƙara masa nauyi kawai, ku ga tuƙi."

Auta ya yi dariyar takaici. "Baba, mutane nema suke sitiyari ya yi laushi, kai kana neman ya yi tauri. Da wane ƙarfin za ka juya shi?"

"Da ƙarfin da na ɗauke ka kana tsumma."

"Direba, ka daina tsokanar yaro," Mama ta ce, ba ta ko ɗago kai ba. Haka take kiransa tun suna da jajayen sawu.

Baba ya juya wajen Yaya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiran sunanta ba. "Uwata, ke kika yi karatun lafiya, ke ce mai hankalin gidan nan. A kai motar wurin Tsanaki bakanike. In ya ce ba ta gyaruwa, na haƙura, ku yi yadda kuka ga dama da makullin."

Yaya ta amsa da to, amma a ranta bayan Auta take. Tana ganin tsofaffi kullum a shagonta, ta san yadda suke ɗora wa takalmi laifi in ƙafa ta gaza. Sai ta yanke shawarar ta riga Baba zuwa.

Washegari da safe ta nemo garejin. Yana can ƙarshen layin masu walda, bayan wani wurin yanka katako. Ta yi zaton za ta tarar da baƙin mai ko'ina da tarin tarkacen ƙarafa, sai ta tarar da rumfar kwano an share ƙasanta tas. Sifanu suna rataye a jikin allo, kowace an zana siffarta da farin fenti a inda take zama. Motoci uku ne kawai a ciki, duk tsofaffi. Mai wurin ɗan gajere ne siriri, ya haura sittin, an ɗaure ƙafar tabaraunsa ɗaya da waya. Tun a kamfanin da Baba ya yi aiki aka laƙaba masa Tsanaki, wai ya taɓa yin kwana uku yana neman wata 'yar ƙara a motar manaja, ashe maɓallin riga ne ya faɗa cikin ƙofa.

Suka gaisa. Ta faɗa masa ko 'yar wace ce ita, ya washe baki, ya goge mata benci duk da babu ƙura a kai.

"Malam, alfarma na zo nema," ta ce, ta rage murya duk da babu kowa. "Gobe za mu kawo motar. Hannunsa ya fara rawa, muna tsoron abin da zai faru. Maganarka kaɗai yake ji. Don Allah in ka duba, ka ce masa ba ta gyaruwa."

Tsanaki ya cire tabaraun, ya hura, ya goge da gefen rigarsa. "Kin ce magani kike sayarwa?"

"E, Malam."

"In wani ya zo ya ce ki zuba ruwa a kwalba ki ba mahaifinsa a matsayin magani, don dai hankalin gida ya kwanta, za ki zuba?"

Ta sunkuyar da kai.

"To kin gani. Ki kawo motar, ki kawo mai motar, 'yata. Abin da na gani shi zan faɗa. In na ga ya kamata ya ajiye tuƙi, ni zan fara gaya masa, a gabanki, ba sai kin roƙe ni ba."

Tun da Auta ya rantse Baba ba zai taɓa sitiyari ba sai an ji ta bakin bakanike, Yaya ce ta tuƙa motar zuwa garejin. Wannan ne karonta na farko, Baba bai taɓa ba kowa aronta ba. Ya zauna a gefenta ya haɗe rai kamar wanda za a kai kotu. Da ta zo fita daga ƙofar gida ta murza sitiyarin da irin ƙarfin da ta saba sa wa tata ƙaramar motar, sai kawai ya tafi fiiir kamar babu abin da ke riƙe da shi. Saura ƙiris ta kwashe tukunyar furen Mama.

"A hankali," in ji Baba. "Da yatsa ɗaya ake mata magana."

A kan babban titi abin ya fi ba ta tsoro. Ba ta jin komai a tafin hannunta, ba ta jin kwalta, ba ta jin inda tayoyin suka dosa. Kamar tana juya faranti a cikin ruwa. Ta ɗan gyara zama, motar ta karkata dama. Ta gyara, ta zarce hagu. Kafin su isa gumi ya jiƙa mata baya, ita da hannunta ba ya rawa. Ta gefen ido ta ga Baba yana ƙoƙarin danne murmushi.

Tsanaki ya tarbe su a bakin rumfa. Shi da Baba suka rungume juna, suka yi ta tsiyar wa ya fi tsufa. Sannan ya dube ta. "Ya kika ji ta?"

"Ban ji ta ba sam, Malam. Matsalar ke nan."

Ya gyaɗa kai kamar malamin da ɗaliba ta ba shi amsa daidai.

Bai buɗe bonet ba tukuna. Ya fara auna iskar tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga gaban motar da jak, ya kama kowace taya ya girgiza, ya shiga ƙarƙashi da fitila ya bi duk wata gaɓa yana taɓawa. Ya ce sau da yawa abin da ake ɗora wa sitiyari laifinsa, wani ƙarfe ne ya saki a ƙasa. Ya fito yana kakkaɓe gwiwa ya ce ƙasan lafiya lau yake, Direba ya iya riƙon mota. Sai ya je famfo ya wanke hannunsa da sabulu har gwiwar hannu kafin ya buɗe ƙofarta.

"Direba, ja mu. Akwai hanyar bayan ma'ajiyar katako, babu kowa."

Yaya ta zauna a baya. Abin da ta lura da shi, tunda suka tashi Tsanaki bai kalli titi ba ko sau ɗaya. Hannun Baba kawai yake kallo. Ya ce a ƙara gudu, aka ƙara. Ya ce a taka birki, aka taka. Ya ce a saki hannun hagu, a riƙe da na dama kaɗai, nan take hancin motar ya fara lilo. Ya ce a sauya hannu, ta ɗan nutsu.

Da suka dawo ya sa su zauna a benci, shi ya tsaya.

"Ku biyun kuna da gaskiya, rabi-rabi. Direba, hannunka yana rawa fiye da yadda kake zato. 'Yata, motar ma tana ƙara wa abin gishiri. Akwai famfo a jikin injin da ke tura mai ya taya direba juya tayoyi. A zamanin da aka ƙera ta, abin alfahari ne a ce mutum ya juya mota da ɗan yatsa, sai suka cika taimakon har ya wuce kima. Motsin da a wata motar ko sanin an yi ba za ta yi ba, ita sai ta ɗauka umarni ne. Zan iya rage taimakon."

"Na faɗa musu!" Baba ya buga cinya. "Wani yaro a bakin titi ma ya ce min a cire bel ɗin famfon kawai a huta."

"Wanda ya faɗa maka haka ba masoyinka ba ne. In aka cire bel, ko lokacin da kake da ƙarfinka ba za ka juya ta a kan lokaci ba. Ragewa za a yi, ba kashewa ba. Amma da sharaɗi. Ba zan ɗora sifana a kanta ba sai ka je likita ya duba hannun nan da idonka, ka kawo min takarda."

Fuskar Baba ta sauya. "Tsanaki, ni za ka aika asibiti kamar ɗan makaranta?"

"Mota na iya, Direba. Jijiya da ido ba fannina ba ne. Titin nan kuwa ba naka ba ne kai kaɗai, da 'ya'yan mutane a kai."

Shekara biyu Yaya tana fama Baba ya je a duba hannun, yana ce mata gajiya ce. Ranar Litinin shi ya riga ta shiryawa, har yana aiko Mama ta kira ta a waya wai za su makara. Likitan ya gwada shi sosai, ya ce rawar hannun ba mai tsanani ba ce, ya rubuta magani. Ya ce idonsa da sauransa. Zai iya tuƙi da rana, a cikin gari, ban da doguwar tafiya, kuma ya dawo bayan wata shida. Baba ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, bai yarda ko Yaya ta riƙe masa ba. A gareji Tsanaki ya karanta ta sau biyu, yana bin layi da yatsa, sannan ya miƙe ya buɗe bonet.

Yaya ba ta yi niyyar tsayawa ba, amma ta samu kanta tana barin abokiyar aikinta a shago tana zuwa da tsakar rana. Aikin mutumin ne ya ja ta. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, duk abin da ya kwance sai ya ajiye shi a jere yadda ya fito. Daga bayan famfon, inda tiyon mai yake ɗaure, ya kwanto wani ɗan ƙarfe da bai fi babban yatsa ba, ya ɗaga shi wajen haske.

"Leƙa nan. Me kika gani?"

"Rami ne ɗan ƙarami."

"Duk rigimar gidanku a ramin nan take. Ta nan mai yake bi zuwa sitiyari. Abu biyu ne a aikin famfo, akwai ƙarfin turi, akwai yawan man da ke wucewa. Da yawa in an kawo musu irin wannan sai su cusa ɗan zoben ƙarfe a bawul ɗin famfon su rage ƙarfin turin. To shi ƙarfin nan ba a bukatarsa duka sai mota tana tsaye ana son juya ta, lokacin da dattijo ya fi neman taimako ke nan. A kan titi kuwa laushin yana nan yadda yake. Kin ga an gyara inda bai lalace ba. Mu yawan man za mu rage, mu bar masa ƙarfinsa."

"Toshe ramin za ka yi?"

"A'a. Wannan tare suka zo duniya da motar, ba zan ɓata shi ba. Sabo zan yi."

A lungun rumfar akwai tsohon injin fiƙe ƙarfe. Ya ɗaura guntun ƙarfe, ya kunna, siraran ɓawo masu sheƙi suka riƙa nannaɗowa suna zuba. Ya fiƙa kaɗan, ya tsaya, ya auna, ya kwatanta da na asalin, ya sake fiƙawa. Ba ya magana in yana wannan aikin, har numfashinsa kamar aunawa yake. Yaya ta tuna yadda aka koya musu auna garin magani a makaranta, yadda malaminsu yake cewa kuskuren da ido bai gani ba shi ne ke kwantar da mutum. Ba ta taɓa zaton za ta ga irin wannan hannun a layin masu walda ba. Ramin asalin milimita huɗu ne. Na sabon ya huda biyu da rabi.

Bai tsaya nan ba. Ya shiga ƙarƙashi ya ƙara wasu siraran ƙarafa a maɗaurin ƙafafun gaba, ya ɗan kwantar da su baya. Ya nuna mata wani keke da ke jingine a bango. "Kin ga yadda ƙafarsa ta gaba take a karkace? Shi ya sa yake miƙewa da kansa ko an saki hannu. Haka nake so tayoyin nan su riƙa neman tsakiya ba sai an roƙe su ba."

Ranar Alhamis aka yi gwajin farko. Baba ya zo da sabon guga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Suka hau hanyar bayan ma'ajiyar katako, ko mita ɗari ba su yi ba ya saki wata irin dariya da Yaya ta daɗe ba ta ji ba.

"Yauwa! Yanzu na ji mota! Uwata, kin ga? Ina jin kwaltar a hannuna. Tsanaki, Allah ya yi maka albarka, rufe bonet mu tafi."

"Da sauran gwaji ɗaya," in ji Tsanaki.

A filin gaban rumfar ya jera galan-galan na mai da babu komai a ciki, guda shida, ya bar tazara a tsakaninsu. Ya ce Baba ya taho a hankali, in ya ga an ɗaga masa hannu ya kauce hagu da sauri, ya dawo dama, kamar wani ya faɗo masa hanya. Baba ya taɓe baki, wai wannan ai wasan masu koyo ne. Ya taho. Hannu ya ɗagu. Ya murza hagu lafiya, amma da ya zo dawowa sai sitiyarin ya cije masa a tsakiya kamar an riƙe shi. Galan biyu suka shige ƙarƙashin motar suna ƙara. Ya koma baya ya sake. Wannan karon uku ya kwashe. Ya kashe injin, ya zauna yana dafe da kafaɗa, gumi yana bin gefen fuskarsa.

Yaya ba ta taɓa ganin mahaifinta ya kasa abu a bayan sitiyari ba.

"Da can," Baba ya ce a hankali, "da hannu ɗaya nake juya mai taya goma sha takwas."

Tsanaki bai ce masa sannu ba, bai kuma yi fuskar tausayi ba. Ya sunkuya yana zaro galan daga ƙarƙashin bamba. "Ramin ne ya yi ƙanƙanta. In aka juya da sauri man ba ya isa. Ni ma na gwada da safe, haka ya cije min, na kwashe huɗu."

Baba ya ɗago. "To don me ka bar ni na shiga?"

"Da da baki na faɗa maka, da har yanzu muna nan muna musu. Ka ce ƙarfinka ya isa, in ce bai isa ba, rana ta faɗi."

Baba ya fashe da dariya har yana tari. "Mugu! Tun kana saurayi haka kake."

Sai daga baya Yaya ta gane abin da mutumin ya yi. Bai yi wa Baba ƙarya ba, ramin ne ya yi ƙanƙanta da gaske. Amma ya bar tsohon ya ji iyakar kafaɗarsa da kansa, a fili babu kowa, a kan galan, ba a kan mutum ba. Kuma ya ba shi hanyar da zai sauko daga motar da girmansa.

Tsanaki ya sake kwanto ɗan ƙarfen. Bai yi tsalle zuwa babban rami ba, ya buɗa shi zuwa milimita uku, ya wanke shi a kananzir sau uku, ya hura iska, ya leƙa, ya sake wankewa. Ya ce ɓurɓushin ƙarfe ɗaya in ya shiga famfo ya isa ya lalata aikin mako. Ya ɗaura, ya cika mai, ya ɗaga gaban motar, ya riƙa juya sitiyarin daga ƙarshe zuwa ƙarshe yana ƙirgawa, har kumfar da ke cikin man ta ɗauke. Ya haɗa gejin auna ƙarfin turin man ya duba allurarsa. Ya gwada galan ɗin da kansa, ya fito yana girgiza kai, wai da ɗan saura. Baba ya ce ai ya isa haka, Tsanaki ya yi kamar da bango ake magana. Ya sake kwancewa, ya ƙara wa ramin abin da bai kai kaurin farce ba, ya maimaita wankin da cika man da juyawar tun daga farko, bai tsallake ko ɗaya ba. Inuwar rumfar ta kai bakin titi kafin ya miƙa makullin.

Baba ya bi tsakanin galan shida bai taɓa ko ɗaya ba. Tsanaki ya matso da su kusa da juna, Baba ya sake wucewa. Tsanaki ya sa shi ya yi fakin da baya tsakanin tsofaffin motoci biyu, ya shige kamar an zuba shi.

A hanyar gida Baba ne ya ja. Da suka hau babban titi Yaya ta ƙura wa hannunsa na dama ido. Yana rawa, bai daina ba, tana ganin yatsun suna motsi a kan farin sitiyarin. Ta ɗaga kai ta kalli hancin motar, yana miƙe a tsakiyar layi ko gezau. Wata motar kaya ta wuce su da iskarta, Dattijuwa ta ɗan girgiza ta koma inda take. Yaya ta saki gefen kujerar da ta ƙanƙame.

"Baba," ta ce, "akwai abin da zan faɗa maka. Na je wurinsa kafin mu kai motar. Na roƙe shi ya ce maka ba ta gyaruwa."

Baba bai ɗauke ido daga titi ba. "Me ya ce miki?"

"Ya ƙi."

"Ai da kin tambaye ni da na rage miki wahalar tafiya." Ya kunna sigina, ya duba madubi, ya sha kwana a hankali. "Ban ji haushi ba, Uwata. Tsoro ne ya sa ki. Ni ma ranar da tirelar nan ta danna min hon na ji tsoro, ban dai faɗa muku ba ne."

Ranar Asabar Auta ya zo da shirin musu. Ya karanta takardar likita, ya zagaya motar, ya ce shi sai ya gani da idonsa. Baba ya ce to ya shiga baya, za su kai Mama gidan ƙanwarta. Auta ya shiga ya zauna a tsakiya kusa da Yaya, ya leƙo da kai tsakanin kafaɗun iyayensa yana ba da umarni, ga mai babur nan, ga rami can, Baba rage gudu. Mama ta ce in bai rufe baki ba za a sauke shi ya hau haya. Ya koma ya jingina yana ƙunƙuni. Kujerun motar masu laushi ne, injin kuma ba ya ƙara. Kafin su wuce gadar sama Yaya ta ji nauyi a kafaɗarta, ta juya ta ga mai gadin nasu ya yi barci, baki a buɗe. Mama ta ɗauke shi hoto da wayarta, ta tura wa duk dangi.

Shekara ɗaya da wata bakwai Baba ya ƙara yana tuƙi, da rana, a cikin gari, bai taɓa fashin ganin likita ba. Da idonsa na hagu ya fara yin hazo, babu wanda ya kira taro. Wata safiya ya aika a kira Yaya, ya miƙa mata makullin da hannunsa, ya ce daga yau ita ce direba, shi kuma mai gida ne, a baya zai riƙa zama. Ya kafa mata doka uku: kada ta ci abinci a ciki, kada ta ba Auta aro, kuma duk ranar da za ta fita da ita ta biyo ta ɗauke shi, ko da sayen batir za ta je.